Tabarmar Malam Haladu a Gindin Maɗaci

Sallama gare ku, 'yan wannan zaure, manya da yara. Ni ba ɗan zauren ba ne. 'Yata Rahama ce ta nuna mini abin da kuke tattaunawa a waya, ita ce kuma za ta ɗora muku wannan da na rubuta a takarda. Sunana Idi, ina zaune a Kaura Goje. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka ku yi haƙuri da yadda zan jera maganar.

Na ga bidiyon da kuke ta tura wa juna. Wani dattijo ne zaune a kan tabarma a gindin bishiya, cikin wani babban gida a Nassarawa, ya miƙe ƙafa, ya ɗaga kai sama. An sa hoton yana sauri har inuwa tana gudu a jikinsa, shi kuwa bai motsa ba. A ƙasa an rubuta cewa mai datsar bishiya ne, abin da ya karɓa a wannan yini ya fi albashin malamin makaranta na wata guda, kuma ba ya biyan haraji. Na sa Rahama ta karanta mini sharhinku har ƙarshe. Wani ya ce zai ajiye digirinsa ya sayi tabarma. Wata ta ce dama haka suke, shi ya sa a fim kullum maigadi da mai ba fulawa ruwa barci suke yi. Akwai waɗanda suka ce a ƙyale shi, talaka ne. Su ma na gode musu, amma tausayi suka ba shi, kuma ba shi ne abin da ya cancanta ba.

Dattijon nan Malam Haladu ne. Shekara ashirin da shida ina riƙe masa igiya. Ya rasu wata huɗu da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Bidiyon ya kusa shekara uku, ban san abin da ya sake tono shi yanzu ba. Ina wurin a ranar, ƙafar da ke leƙowa a gefen hoton tawa ce. Abin da nake nema kaɗai shi ne kada sunansa ya zauna a bakin mutane a matsayin malalaci, alhali ba ya nan balle ya amsa.

Aikin farko da na ga ya yi, darbejiya ce a gidan da nake ba fulawa ruwa a lokacin. Na haura shekara talatin, da mata da 'ya'ya biyu. Ya zo a keke, igiyoyi a kafaɗa, tabarma a ɗaure a baya. Ya zagaya bishiyar sau ɗaya, ya shimfiɗa tabarmar tsakanin rumfar mota da shukokin Hajiya, ya zauna. Na ɗauka walaha zai yi, na kawo masa buta.

Ya dube ni ya ce, “Mutumin ina ne?”

Na ce, “Haɗejiya.”

Ya ce, “Yau na gamu da aiki. Ni Bakatsine ne. Wanda ke riƙe mini igiya bai zo ba. Bahaɗeje, ka iya riƙe igiya, ko kifi kaɗai ka iya riƙewa?”

Na ce, “Mu da muke riƙe da Katsinawa shekara da shekaru, igiya ce za ta gagare mu?”

Ya yi dariya, ya hau. Da ya jefo mini igiyar, sai na nannaɗe ta a hannuna don in riƙe da ƙarfi. Yana can ƙoli ya hango. Bai yi tsawa ba. Saukowa ya yi har ƙasa, ya kama hannun, ya warware igiyar, ya ce, “Hannun nan naka ne, ko aro ka yi?” Sannan ya kai ni jikin wata bishiyar da ke kusa, ya zagaya igiyar sau uku a gindinta, ya miƙo mini bakin. Ya ce nauyin reshe ba na hannun mutum ba ne, bishiya ce za ta riƙe 'yar'uwarta, ni aikina in sassauta kaɗan-kaɗan idan ya ce. Ya koma sama. Reshen da ya yanke ya fi ni nauyi sau da yawa, amma ya sauko a hankali kamar ana zura guga a rijiya, ya kwanta a kan tabarmar. Na ce a raina dace ne. Na biyu ma ya kwanta a kanta. Na ukun ma haka. Kafin wata ya ƙare na bar fulawa na bi shi.

Ga abin da bidiyon bai faɗa muku ba. Tabarmar ba ta hutawa ba ce. Malam Haladu yakan shimfiɗa ta ne daidai inda yake so itacen ya sauka, sannan ya zauna a kanta ya dubi reshen daga nan. Ya ce daga sama ba a ganin hanya, ganye ya rufe ta, tsoro ma ya rufe ta. Daga masauki ake ganinta. Zai zauna yana bin reshen da ido: inda za a ɗaura, inda za a yanka, ta ina zai juya idan ya rabu da uwarsa, me zai goga a hanya. Ba ya tashi sai ya ga tafiyar gaba ɗaya, daga sama har ƙasa. Ƙaramin aiki, zaman shan shayi ya ishe shi. Babba kuwa yakan kai rabin yini. Idan ya tashi, tabarmar tana nan a shimfiɗe, ba mai taɓa ta sai itace ya hau kanta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Gatari biyu, babba da ƙarami. Adda. Zarto na hannu mai lanƙwasa. Igiya uku, da wani ƙarfe mai juyawa irin wanda ake jan guga da shi, muna rataye shi a sama igiya ta bi ta ciki. Igiya ita ce babba a cikinsu. Bayan kowane aiki sai mun bi ta da yatsu taƙi-taƙi, muna neman inda ta yi laushi ko ta ƙone. Ba a taka ta, ba a barin ta a jiƙe, ba a ba da aronta ko ga ɗan'uwa. Da ƙeyar ƙaramin gatari yake bugun jikin bishiya, kunnensa a manne da ɓawonta. Lafiyayyen itace amsawarsa gajeriya ce. Mai kogo kuwa muryarsa takan daɗe a ciki. Na yi shekara biyar kafin kunnena ya raba su.

Masu gidajen Nassarawa mun san su iri-iri. Akwai Alhajin da yake son inuwa amma ba ya son ganye a kan motarsa. Akwai Hajiyar da ta ce a rage mangwaro amma kada ɗa ko ɗaya ya faɗi, ta kuma sa kujera ta zauna tana kallo. Akwai wani likita da ya tsaya yana kallon yadda Malam yake gyara bakin yanka don ruwa kada ya kwanta a ciki, ya ce da shi ashe su biyun sana'arsu ɗaya. Malam ya ce, “A'a, ranka ya daɗe, naka a kwance yake, nawa sai na hau shi.” Yawancinsu mutanen kirki ne. Amma kusan dukansu, idan sun gan shi a kan tabarma, sai sun duba agogo.

Yanzu ranar bidiyon. Maɗaci ne, irin tsofaffin nan da suka girmi gidajen da ke ƙarƙashinsu, mutum uku ba sa rungume gindinsa. Iskar farkon damina ta taɓa wani reshe nasa mai kaurin duro, wanda ya miƙe a kan rufin wani ɗaki a bayan gidan. A ɗakin nan mahaifiyar Alhaji mai gidan take kwance, ta karye a ƙugu, likita ya ce kada a yawaita motsa ta. Ta gabas katanga ce da wayoyin lantarki. Ta yamma tankin ruwa a kan ƙarfe. Filin da ya rage a ƙasa shi ne wani ɗan lungu tsakanin tankin da bangon ɗakin, wanda da kyar ya ɗauki tabarma ɗaya. Nan Malam ya shimfiɗa tasa.

Kafin ya zauna sai da ya je taga ya gaishe da tsohuwar, ya roƙi a ɗauke ta ko na yini ɗaya.

Ta ce, “Haladu ne? Tun maigidana na da rai kake datse bishiyar nan. Ba inda za ni. In lokacina ya yi, ko a falo aka kai ni zai same ni.”

Ya ce, “Hajiya, don hankalina ya kwanta ne.”

Ta ce, “To kwantar da shi, ka yi aikinka.”

Ya zauna tun hantsi. Ni na zauna a gefe ina bin igiya. Babban ɗan Alhaji, Nazifi, yana saman bene da waya a hannu. Mun gan shi, ba mu kawo komai a rai ba. Wajen sha ɗaya Alhaji ya fito, ya tsaya a kanmu.

Ya ce, “Malam Haladu, lafiya dai? Tun ɗazu nake jiran in ji ƙarar gatari.”

“Lafiya lau, Alhaji. Ina dubawa ne.”

“Akwai masu injin yanka itace a nan Hotoro, sun ce cikin awa ɗaya za su gama. Su bi shi daga tsini su yanka gunduwa-gunduwa.”

Malam ya ce, “Ni ma haka na yi niyya da na zo. Amma Alhaji, zauna nan kusa da ni ka ga wani abu.”

Alhaji bai zauna ba, ya dai sunkuyo. Malam ya nuna masa wani wuri a tsakiyar reshen, inda tururuwa ke fitowa a layi, kowace ɗauke da farin gari. Ya ce wannan garin cikin itacen ne suke kwasowa. Sannan ya ce a jira iska. Da iskar ta kaɗa, ya ce, “Dubi tsinin, dubi gindin. Lafiyayyen reshe gaba ɗaya yake motsi. Wannan motsi biyu yake yi, a tsakiya yake lanƙwasa. Ɓawo ne kaɗai ya riƙe shi a nan. Duk wanda ya taka shi da inji a hannu, shi da injin da reshen a kan gadon Hajiya za su sauka.”

Alhaji ya daɗe yana duba. Ya ce, “Ni ban ga motsi biyu ba.”

Malam ya ce, “Yana nan, ranka ya daɗe.”

Alhaji ya koma ciki bai ce a ci gaba ba, bai ce a bari ba. Ni ma, ina gaya muku gaskiya, ban ga motsi biyun ba. Nazifi kuwa ya shiga mota ya tafi ofis. Iyakar abin da wayarsa ta ɗauka ke nan.

Muka yi azahar. Malam ya koma kan tabarmar, ya ƙara zama kamar rabin awa. Sai ya ce, “Bahaɗeje, na ga hanyar.” Ya bayyana mini. Tunda ba a iya takawa, ba za a yanka shi gunduwa-gunduwa ba, a dunƙule za a ɗauke shi, duk tsawonsa daga wurin ruɓar zuwa tsini. Za a rataye shi daga wani reshe lafiyayye da ke can sama ta yamma. Za a ɗaura babbar igiya gaba da tsakiyarsa kaɗan, yadda idan ya rabu gindinsa zai rinjaya ƙasa, tsininsa ya tashi sama, ya tsaya a tsaye a iska kamar mutum. Sannan nauyinsa zai ja shi yamma, ya bar saman rufin, ya zo saman lungun. Ya ce iskar la'asar daga gabas take zuwa a wannan gidan, ita za ta taimaka wajen turawa, don haka ba za a yanka ba sai ta fara. Na tambaye shi idan ya wuce lungun ya daki tanki fa. Ya ce ba zai wuce ba, ganyensa zai ja iska ya rage masa gudu.

Ya hau. Shekarunsa sun haura sittin a lokacin. Ba tsani, igiya ce a ƙugu da tafin ƙafa. Ya rataye ƙarfen jan igiya a can sama, ya zuro kansa daga reshen lafiyayye har ya zo daidai mara lafiyar, yana lilo, bai ɗora masa ko yatsan ƙafa ba. Da doguwar gwafa ya zagaya igiyar ya zarge. Ni na zagaya nawa bakin a gindin wata darbejiya, ba sau uku ba, sau biyar. Maigadin gidan, Malam Buba, tsohon soja ne, shi ya riƙe ƙaramar igiyar da za ta hana reshen juyawa. Malam Haladu ya fara yanka ta ƙasa da zarto, kaɗan, ya tsaya. Muka yi ta jira, shi a rataye, mu a ƙasa. Da ganyen da ke wajen katanga suka fara motsi, ya ce, “Bismillah,” ya sa zarto ta sama.

Bai yi ja goma ba reshen ya yi ƙara ya rabu. Igiyar ta miƙe har ta yi kuka, darbejiyar da na ɗaura a jikinta ta girgiza, ɓawonta ya fara hayaƙi. Na ɗaga kai. Abin da na gani, har gobe idan na rufe ido ina ganinsa. Itacen nan mai nauyin mota ya sunkuyar da gindi, ya ɗaga kai, ya tsaya a tsaye a sararin sama, tsakaninsa da kwanon rufi bai fi kamu biyu ba. Sannan ya fara tafiya yamma a hankali, ƙananan ganyensa suna shafar kwanon kamar ana shara. Ya zo saman lungun, ya matsa wajen tanki har na ce shi ke nan, sai ya tsaya, ya dawo baya kaɗan, ya natsu. Daidai yadda aka faɗa mini a kan tabarma, ba ƙari ba ragi.

Daga sama Malam ya ce, “Sassauta, Bahaɗeje. Kamar kana sauke jariri.”

Na sassauta taƙi-taƙi. Gindin itacen ya sauko ya zauna a tsakiyar tabarmar. Malam Buba ya saki igiyarsa, ya zauna a ƙasa daɓas, ya ce shi ya ga abubuwa a aikin soja amma bai taɓa ganin an yi wa itace fareti ba. Da Malam ya sauko muka kewaya muka duba bakin yankan. Cikinsa rami ne, hannuna ya shige har kafaɗa. Itacen da ya rage a gefe bai fi kaurin yatsa uku ba.

Sai muka ji muryar tsohuwar ta taga: “Haladu, wai an fara ne?”

Ya ce, “An gama, Hajiya.”

Ta ce, “To madalla. A ba su fura.”

Ba wanda ya ɗauki wannan a waya.

Maganar kuɗi, tunda a kanta kuka fi tsayawa. Abin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon gaskiya ne, Alhaji ya biya, har da ƙari da ya ga ramin. Amma irin wannan aikin ba ya zuwa kullum, a damina guda in an samu biyu an gode Allah. A ciki aka sallami mai kurar da ya kwashe itacen, aka ba ni nawa. Babbar igiyar kuma daga ranar ta gama aiki, ta ƙone ta miƙe, Malam ya yanka ta gutsu-gutsu don kada wani ya tsinta ya amince mata. Haraji kuwa, mu ba mu da albashin da za a yanka a ciki. Amma babbar bishiya ba a taɓa ta sai da takardar izini, kuma kurar itace ba ta isa unguwar Gama sai an tsayar da ita an yanka mata rasit. Ko wannan ya isa ko bai isa ba, ban san doka ba, ba zan yi muku gardama ba. Da aka karanta wa Malam maganar albashin malamin makaranta, cewa ya yi, “To a ƙara wa malamin mana. Ni me na yi masa?”

Bayan sati biyu da aikin wani mai shayi a Gama ya nuna masa bidiyon. Ina tsaye. Ya kalla, ya ce a maimaita. Na ɗauka ransa zai ɓaci. Sai ya sa yatsa a kan wayar ya ce, “Idi, zo ka gani. Da aka sa shi yana sauri, ga motsi biyun nan ƙarara. Yanzu ka gani?” Na duba, na gani. A bidiyon da ake yi masa dariya da shi na fara ganin abin da ya gani da ido tsirara. Ya mayar wa mai shayi wayarsa ya ce, “Yaron ya iya ɗaukar hoto.” Bai sake tayar da maganar ba. Finafinan da kuke cewa ana nuna ire-irenmu muna barci, shi ma yana kallonsu, ya fi kowa dariya. Abin da yakan ce kawai shi ne ɗan wasan bai iya riƙe adda ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Bidiyon ya zagaya gidajen Nassarawa kafin ya zo gare ku. Idan muka shiga layi, direbobi da masu gadi su ce ga Mai Tabarma nan. Da wasa suke faɗa, amma masu gida suna ji. Wani ya kira mu, da Malam ya shimfiɗa tabarma sai ya ce, “Ni fa ba zan biya kuɗin zama ba.” Malam ya naɗe ta, ya yi masa sallama da ladabi, muka fito. Na ce masa ko zai riƙa tsayawa a tsaye yana dubawa, tunda tabarmar ce ke jawo magana. Ya ce a tsaye wuya ke gajiya kafin ido ya gama. Kira ya ragu, masu inji suka karɓe yawancin gidajen. Ban zarge su ba, su ma abinci suke nema, kuma akwai aikin da inji ya fi mu. Daminar nan faskare muka yi ta yi wa masu gidan burodi da masu tuwon sayarwa. Mutumin da yake sa itace ya tsaya a tsaye a sama, na gan shi yana faskare a bayan gidan burodi daga safe zuwa yamma, kuma kowane gungume sai ya juya shi ya dubi jijiyarsa kafin ya sara. Daga baya aiki ya ɗan dawo, bai dai koma kamar dā ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana tara. Ranar sadakar uku iyalinsa suka aiko mini da gatura, da igiyoyi, da tabarmar.

Makon jiya Malam Buba maigadi ya zo har Kaura Goje. Ya ce wani reshen maɗacin nan ya tsage, wannan karon ta ɓangaren wayoyin lantarki, kuma masu inji sun zo sun duba sun ce ba za su hau ba. Tsohuwar ta rasu bara, Alhaji ya tsufa, Nazifi ke riƙe da gidan yanzu. Shi ya ce a nemo Malam Haladu. Malam Buba ne ya gaya masa ba ya duniya.

Na je ranar Asabar. Na zagaya, na buga, na saurara. Na sami inda ya kamata itacen ya sauka, na shimfiɗa tabarmar, na zauna. Na ga inda za a ɗaura. Na ga inda za a yanka. Amma daga rabuwarsa zuwa saukarsa, wurin nan da zai juya kusa da wayoyi, duk lokacin da na bi shi da ido sai ya ɓace mini. Na zauna har azahar, na yi salla, na koma. La'asar ta yi. Nazifi ya fito, ya tsaya daga nesa, sannan ya matso.

Ya ce, “Baba, sannu da aiki. Yaya ake ciki?”

Na ce, “Ban ga hanyarsa ba tukuna. Ba zan hau ba sai na gani. Ku dai kada kowa ya ajiye mota a nan.”

Ya ce, “Amma an ce shekara ashirin da wani abu kuna tare.”

Na ce, “Da shida.”

Sai ya cire takalmi, ya tattare rigarsa, ya zauna a bakin tabarmar, ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka.

Ya ce, “Baba, ni ganye kawai nake gani.”

Na ce, “Ni ma shi na yi ta gani shekara goman farko.”

Ya ce, “Ni na ɗauki bidiyon nan.”

Na ce, “Na sani. Muna ganinka a bene.”

Ya ce ya goge shi tun tuni, amma ya riga ya fita daga hannunsa. Ya tambaye ni ko Malam ya yi fushi da shi. Na gaya masa abin da Malam ya ce, cewa ya iya ɗaukar hoto. Ya sunkuyar da kai. Da zan tafi ya ce in rubuta abin da ya faru bayan ya tafi ofis a ranar, shi zai sa a duk inda ya ga bidiyon, da nasa sunan a kai. Shi ne wannan da kuke karantawa.

Wanda ya ce zai ajiye digiri ya sayi tabarma, tabarma ba ta da tsada, a kowace kasuwa akwai. Ni ta Malam Haladu ce ma a hannuna, da igiyarsa, da gatarinsa, da shekara ashirin da shida a gefensa, kuma yau kwana uku ke nan ina zama a kanta. Reshen yana nan a rataye. Idan kun bi ta layin, ƙofa a buɗe, kuka hango tsoho a gindin maɗaci ya miƙe ƙafa ya ɗaga kai sama, ba Malam Haladu ba ne. Shi da tuni ya gani, ya sauke, ya sha furarsa. Ni ne, ina nan ina dubawa. Ku sa shi a addu'a.